Kin Gaji

Malam Edita,

Wa ya gaya maka mace ce? Tambaya nake yi, kuma amsa nake so. Gaisuwar ma ga ta nan: assalamu alaikum, ya aiki, ya iyali. To mu koma kan magana.

Jiya aka kawo mini shafukan gwaji na labarina, "Ruwan Ɗumi", har gareji. Na goge baƙin mai a wando na buɗe, sai ga zanen wata mata da ɗankwali ta duƙa a kan baho. Na ce ko labarin wani aka haɗo mini da shi. Ashe nawa ne.

Labarin mutum ne da ke jinyar mahaifinsa bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Na ɗora ruwa, na juya shi, na zubar da fo, na wanke zanen gado. Da "na" aka ba da shi tun daga farko, kuma "na" ba ta da gemu ba ta da ɗankwali. Wuri ɗaya tak tsohon ya buɗe baki ya yi wa mai jinyar magana, ya ce, "Ka gaji." Kun mayar da shi "Kin gaji." Sakin layin da mai labarin ya aske wa tsohon gemu, sannan ya juya ga madubi ya aske nasa da wannan rezar, shi kuma kun cire shi ɗungurungum.

Kai ne fa kake cika mana mujalla kowane wata da yabon littattafan zamani, masu tambayar wane ne namiji wace ce mace, wa ya raba musu aiki. Ni ban yi jami'a ba. A bakin titi na sayi irinsu, wasu ba bango, na karanta da ƙamus a gefen gadon Baba. Ashe a takarda kawai kake son tambayar. Da ka ga namiji riƙe da fo sai ka ɗaura masa ɗankwali.

Ni ne na yi jinyar nan, har Baba ya rasu. Wannan kalmar ce kaɗai ladan da na samu daga bakinsa. Ku mayar mini da ita, ko ku ba ni labarina.

Ka huta lafiya,
Mai labarin

*

Zuwa ga marubucin "Ruwan Ɗumi",

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka ta'aziyyar mahaifinka. Allah ya jiƙansa. Ban san labarin naka ne na zahiri ba.

Cire sakin layin aski da sa zanen, ni na yi, ban musa ba. Amma kalmar da ka fi jin zafinta ban taɓa ta ba. A kwafin da ya iso teburina, bugun na'ura, "Kin gaji" aka rubuta. Da na ga haka, na kuma ga gemu a shafi na gaba, sai na ɗauka marubuci ne ya yi tuntuɓe, kamar yadda sababbin marubuta kan yi, na daidaita labarin da kalmar. Wata baiwar Allah ce ta kawo kwafin, ta ce ita yayarka ce, ita ta buga maka a ofishinsu.

Shawarata ita ce a zaɓi ɗaya. Ko "ka" da gemu, ko "kin" da ɗankwali. In aka bar su biyun tare, mai karatu zai ce kuskuren ɗab'i ne, mu za a zaga. Ranar Litinin za mu kai wa maɗaba'a, kuma muna so ka karanta labarin da bakinka a taron masu karatu na ƙarshen wata.

Naka,
Edita

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida maigidan da yara. Ban zo gidan ba don na san in na zo a gabansu zan yi abin da ba shi da kyau.

Na ba ki rubutun hannuna don ke ce mai na'ura, ba don ki zama marubuciya ba. Me ya kai ki canza mini maganar Baba? Kada ki ce yatsa ne ya zame. Daga "ka" zuwa "kin" sai an yi niyya.

Ko kunya ce? Kada dangin mijinki su karanta su ce 'ya'ya mata suna raye aka bar namiji da wankin kashi? To ai haka aka yi. Ban taɓa yi miki gori ba, na san aikinki, na san gidanki, na san Babban Yaya yana kan hanya da motarsa kullum, sai dai ya bugo waya ya ce a yi haƙuri. Ni na bar gareji har maigidana ya ɗauki wani. Ni abokai suka riƙa kira amaryar Baba, in na wuce da bokiti su tambaye ni yaushe za a yi suna. Wadda nake nema ta ce ba za ta iya da mijin da ke warin asibiti ba. Duk na shanye. Abu ɗaya na fita da shi daga ɗakin nan, shi ne tsohon ya dube ni ya san wahalata. Shi ma kin ɗauke kin ba wata mata da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Ki ba ni amsa kafin Litinin.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Ina amsa gaisuwa, yara suna gaida kawunsu. Bakin nan naka dai har yanzu ba a sa masa linzami ba.

Ba kunya ba ce. Kunyar na riga na ji ta tun yana raye, kuma ba a takarda za ta ƙare ba.

Ina ɗakin ranar, ko ka manta? Da safe ne, na biyo kafin in wuce ofis, ina tsaye bakin ƙofa da jakata ko zama ban yi ba. Ka gama goge masa baya, kana matse tawul a baho. Ya kama hannunka da hannun nan nasa mai motsi. Abin da ya ce shi ne, "Kin gaji. Ki bar wa yaran nan su yi." Ni na ji, kai ma ka ji, don na ga ka saki tawul ɗin a cikin ruwan. Marigayiya Mama yake gani, Auta. Tun da ciwon ya taɓa kansa, duk wanda ya kawo masa ruwan ɗumi Mama ce. Ya sha tambayata ina Auta ya shiga, me ya sa ba ya zuwa duba shi, alhali kana tsakar gida kana shanya zanensa. Ban gaya maka ba.

Da na zo wurin a rubutunka na buga "ka" kamar yadda ka sa. Na zauna ina kallonsa. Ko'ina a labarin ka faɗi gaskiya, har warin, har ranar da ka daka masa tsawa, sai nan kaɗai. Hannuna ya ƙi. Ya kamata in kira ka, ban kira ba, wannan laifina ne. Gemun kuwa ban taɓa ba.

In kana so a mayar da "ka", labarinka ne, ba zan ƙara cewa komai ba. Amma Baba bai san namiji zai iya yin abin da ka yi ba, shi ya sa bai gan ka ba. Ni na gan ka.

Ka zo ka ci abinci, ka rame.

Yayarka

*

Malam Edita,

Salamu alaikum. Ba zan zaɓa ba.

A bar "Kin gaji." Haka ya faɗa. A mayar da sakin layin aski, don ni ne a wurin. A cire matar nan, a bar bahon shi kaɗai. In mai karatu ya ce kuskure ne, ya yi daidai, sai dai ba a maɗaba'a aka yi shi ba.

In ba za ka buga haka ba, kada ka aiko mini da wata takarda mai ladabi. Zan zo taron ko da labarin ko babu, zan zauna a layin gaba. Kai da ka karanta littattafan nan duka, ka tashi a gaban mutane ka gaya mini: mutumin da ya wanke ubansa har ya mutu, uban yana cigiyar ɗansa, wa ya yi jinyar? Da baki nake son amsar, kowa yana ji.

Wassalam,
Mai labarin