Tafkin Baba a Bangon Baffa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan, Ya sa albarka a nemanka. Inna tana nan lau, sai ƙafar da ke hana ta sakat. Auta ta gama makaranta, yanzu wai ta fi ƙarfin wanke-wanke.

Yaya, maganar Baffa ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna shekara ashirin da uku Baba yana zama a tagar ɗakinsa duk ƙarshen damina, yana zana tafkin bayan gidanmu a kan katako, allo ɗaya kowace shekara. A na farko ruwa ya kai gindin mangwaro, a na ƙarshe ya ja baya har ana ganin tsofaffin tayoyin da aka zubar. Yakan ce shi ba ado yake yi ba, shaida yake ajiyewa. Da ya rasu, ƙaninsa Baffa ya sare bishiyoyin, ya cike tafkin da ɓaraguzai, ya gina ɗakin taro na haya. Wannan ka sani. Abin da na ɓoye maka shi ne, ranar da katako ya ƙare wa leburorinsa, ya shiga ɗakin Baba ya kwashe allunan nan aka tare kankare da su. Guntun ɗaya na tsinta a shara, siminti ya cinye rabin tsuntsun da ke jiki. Da na yi magana, ya ce ai katako katako ne. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Watan jiya sai ga shi a shagona yana washe baki, wai ni 'yarsa na gaji hannun ubana. Ya ce bangon gaban ɗakin taron ya yi fili da yawa, masu haya suna son wurin ɗaukar hoto, in zana masa tafki da bishiyoyi irin na da. Ka ji fa. Wanda ya binne tafki shi ke neman hotonsa. Na ce to.

Na kewaye bangon da tamfol, na ce masa ƙura tana ɓata fenti. Kwana tara ina aiki. Da fentin mai, wanda ko da soso aka dirje ba ya fita, na zana abin da idona ya gani: kututture bakwai, tipa tana juye ɓaraguzai, allunan Baba an kafa musu ƙusa a jikin ginshiƙi, ga Baffa tsaye da tumbinsa yana nuni da makullin mota. Da ya bushe, na bi kansa da fentin ruwa mai arha, ban sa masa gam ko ɗigo ba da zai riƙe shi in ruwa ya taɓa shi, na zana tafkin kamar yadda yake a allon farko. Baffa ya zo ya gani har da ƙwalla, ya ce kamar yayansa ya dawo. Ƙwallar ta ɗan taɓa ni, ba zan yi ƙarya ba. Sai na koma shago na sake duba guntun allon nan, zuciyata ta dawo daidai.

Na san za ka ce shi ya rage mana a madadin uba, kuma zai iya yanke zumunci da mu. To, ya yanke ɗin. Ni dai roƙona, idan labari ya iso maka, kada ka ba shi haƙuri da sunana. Ba kuskure na yi ba.

Ka gaishe min da uwargidanka, da Tagwaye, da Sarkin Kuka idan ya daina kukan. Inna tana sa maka albarka, ba ta san komai ba tukuna.

A tagar Baba nake rubuta wannan, bangon yana kallona. Yau akwai taro, an cika gabansa ana ta ɗaukar hoto. Hadari ya haɗu a gabas, iska ta fara kaɗa labule, ni kuwa na gyara kujera.

Ƙanwarka,
Mai Fenti