A Sama Ka Bar Shingen

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni da sauƙi, in ban da gwiwar nan. Tela ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi abin da na faɗa shi zai sa, kada ya rage mini tsawo kamar yadda yake yi wa wandunan mutane.

Ƙorafina na nan yadda ka san shi. Tun ranar da suka karɓe tutata suka kore ni daga gadin mahaɗar jirgi, ba wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni yadda aka yi. Manyan ma'aikatar jirgi sun zo a mota, suka dubi layi, suka dubi keken yayanka a murɗe, suka tafi suka ce wai shingen a sama yake lokacin da jirgi ya kaɗe yaron. Ni da na binne ɗa, ni aka ɗora wa. Daga baya layin ma suka rufe shi, kowa ya kama gabansa. Mahaifiyarka har ta koma ga Allah ba ta ce ta yarda da ni ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Abinci kawai take ajiye mini ta fita.

Ga abin da ya sa na tayar da tela daga kan kekensa. Mai faci ya ce makon jiya ya gan ka a kan tsohon layi. Wai kana bin katakon layin ɗaya bayan ɗaya, kana durƙusawa kana ɗibar tsakuwa a leda, kana kankare tsatsa cikin kwalba, har ciyawa ka ɗauka hoto. Ya ce ka auna ɗakin gadina ciki da waje, har da taga. Auta, daga ɗakin nan zuwa ƙofar gidana in ka yi tari sai na ji. Ba ka shigo ba. Tsatsa ka zo gaisarwa ke nan?

Ka gaida mutanen gida. Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Mahaifinka,
Mai Tuta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar, an ce ta yi mura? Allah ya ba ta lafiya.

Ba ka amsa ba, amma yayarka ta zo ta yi maka lauya. Ta ce tsofaffin layuka kake bi kana kallon yadda suka lalace, don ka gina irinsu ƙanana a kan tebur. Na ce babban mutum da furfura a gemu yana wasan yara? Sai ta nuna mini a wayarta.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na daɗe ina kallo. Tebur ya cinye ɗaki guda. Tudu na soso, itatuwa na waya, ga ɗan jirgi kamar yatsana yana zagayawa da wuta. Sai ga ɗakin gadina. Tsagar nan ta bango da take gangarowa daga taga tana nan. Durom ɗin ruwa yana nan da lotsawarsa. Har matakalar da ta karye, wadda mahaifiyarka ta gaji da cewa in gyara. Na ce wa yayarka yaron nan hannuna ya ɗauko. Har na fara dariya.

Sai ta ja hoton ya ƙara girma. Shingen a sama yake, Auta. Jirgi na wucewa, shinge a sama, ga wani ɗan mutum zaune a kan benci da tuta a cinyarsa.

Yayarka ta ce kada in ɗauka da zafi, abin da ka tarar shi ka kwaikwaya, tun da masu jari-bola suka kwance sarƙar ai sandar shingen a tsaye take. Na sani, kullum ina ganinta. To amma jirgi ma tarar da shi ka yi? Mutumin da ke zaune fa, a cikin ciyawa ka tsince shi? Ni ban taɓa zama jirgi na wucewa ba. A tsaye nake yi, tuta a hannun dama, kowa ya sani.

Ta kuma ce za a kai teburin wani babban zaure jama'a su kalla. Wato abin da mutanen mota suka faɗa da baki, kai ka manna shi da gam, ka shafa masa fenti, za ka kunna masa fitila.

Ina jiran bayaninka. A gaida kowa.

Mahaifinka,
Mai Tuta

Auta,

Ina gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba na lafiya.

Da na ga shiru, jiya na dogara sanda na je mahaɗar. Na ce bari in sauke shingen da kaina, in ya so ka dawo ka sake ɗaukar hotonka. Na kama hannun juyawar, tsatsa ta riga ta cinye shi. Na sa ƙirji na danna, ƙarfen ya ɓalle, na faɗi a kan tsakuwa. Mai faci ne ya kinkimo ni. Tafin hannuna a tsage yake, ƙugu kuma ba ya ɗaukata. Sandar shingen tana can a tsaye ko motsi ba ta yi ba.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba, tela kuma ya daina kallona ya rubuta. Ran nan da jirgi ya kaɗe yayanka, kana cikin ɗakin gadin. Zazzaɓi kake yi, mahaifiyarka ta bar ka wurina ta tafi kasuwa. Da na juyo daga kan yayanka, na gan ka tsaye a kan benci, haɓarka a bakin taga, tagar nan da ka auna. Ban da ni, kai kaɗai ka gani. Ka daɗe ba ka magana bayan nan. Ban tambaye ka ba don kana ƙarami. Da ka girma kuma sai ka daina haɗa ido da ni, ni ma na bar zancen.

Na sauke shingen. Yayanka sunkuyawa ya yi ta ƙarƙashi da kekensa, kamar yadda ya saba, kamar yadda na sha zane shi a kai. Kafaɗuna sun san na sauke. Sai dai na sauke sandar nan safe da yamma shekara da shekaru, yanzu da nake kwance ranakun duk sun haɗe mini, ina neman ta ranar ita kaɗai a cikinsu, tana zille mini.

Ba na son ka aiko yayarka. Ba na son magani, ba na son hoto. Tsagar bango ba ka manta ba, lotsawar durom ba ka manta ba, saboda haka kada ka ce mini ka manta wannan. In da ganganci ka ɗaga sandar nan, zo ka tsaya a gabana ka faɗa. In kuskure ne, sa yatsa ka sauke ta kafin idon jama'a ya sauka a kai, ka tayar da mutumin nan tsaye.

Mutanen mota ba su amsa mini ba. Mahaifiyarka ba ta amsa mini ba. Kai ka rage, ni kuma ba daɗewa zan yi ba. A sama yake ko a ƙasa? Ka amsa mini, Auta.

Mahaifinka,
Mai Tuta