Maɓallan da Na Tara a Gwangwani

Zuwa ga marigayiya uwargidana, Mairo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, da roƙon Allah ya sa kina cikin hutu, ni ne mijinki Haru nake rubuto miki daga gidan da kika bar ni shekara huɗu da suka wuce. Na san takarda ba ta kaiwa inda kike. Amma ban saba ɓoye miki magana ba, kuma wannan ta fi ƙarfin cikina. Idan na gama zan ba maƙwabcinmu malamin lakwal, wato makarantar boko, ya sa ta a wayar salula, domin akwai masu gadi irina a garuruwan Mallawa da Kwaya da ya kamata su ji.

Albishir tukuna. Kin yi jika. Autarki Fasuma ta sauka, an samu mace, bayan shekara tara da aure, da ɓari biyu da kika sani da ɗaya da ba ki sani ba. Ina tafiya a hanya sai in ji ina dariya ni kaɗai, mutane na kallona. Sai dai saura ƙiris mu binne yarinyar nan ranar da ta zo duniya, kuma da hannuna a ciki. Shi ne abin da zan ba ki labari, shi ne kuma abin da ya yi mini wuyar faɗa wa Fasuma.

Har yanzu ni ne gardi a gidan likitan garinmu. Injunan da kika sani suna nan: firigon sanyaya allurar rigakafi, batiran hasken rana, famfon ruwa. Bayan ke an ƙaro wasu, ciki har da injin iskar numfashi na ɗakin haihuwa, wanda ake sa wa jaririn da ya zo da wahala.

Shekara biyu bayan rasuwarki wasu ma'aikata suka zo daga Magariya, suka manna wa kowane inji wani ɗan abu baƙi, faɗinsa bai wuce na ƙwandalar dala biyar ba. Mu dai maɓalli muka sa masa suna. Guda bakwai ne. Idan mai gyara ya zo sai ya kanga salularsa a jikin maɓallin, ta yi ɗan ƙara, ta nuna masa sunan injin da ranar da aka duba shi da abin da aka canza masa. In ya gama sai ya danna, labari ya tafi biro, ofishinsu na Magariya. Da Faransanci suka yi wa Majo bayani, shi ne babban likitanmu. Ni ina bakin ƙofa riƙe da jakarsu. Abin da idona ya gani shi kaɗai na ɗauka, ban kuwa tambayi kowa ba.

Ba a yi wata biyu ba na famfon ruwa ya ɓace. Masu jinya ne suka cire, sun ɗauka akwai katin salula a ciki. Majo ya yi mini faɗa a gaban mutane, ya ce in ni gardi ne to in yi gadi. Aka kawo wani aka manna. Sai kuma wata safiya na tsinci na firigo cikin shara, zafi ya saki gam ɗinsa.

Kin san halina. Kin sha ce mini, “Malam, ka cika gyara abin da ba a sa ka ba.” Kin tuna shekarar da na juye miki irin wake, fari da ja, cikin buhu ɗaya don rumbu ya yi fili? Kwana biyu kika yi a kan tabarma kina tsince su.

Wata Juma'a da babu mutane na ɗauki wuƙata na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare. Na yanko takardu daga kayena, littafin da nake rubutu, na naɗe kowane daban, na rubuta sunan injinsa a baya. Da kin ga rubutun, Mairo. Makarantar manya ta yamma da na shiga da furfurata, wadda kike yi mini tsiya kina cewa ga tsoho da kaye a hammata, ranar na ji ta yi amfani. Na zuba su cikin gwangwanin madara, na kulle a akwatina, na ce yanzu ɓarawo ya zo.

Mai gyaranmu sunansa Sanusi, magidanci ne mai fara'a, garuruwa da yawa ne a wuyansa kuma a moto, wato babur, yake bin su. Zuwansa na farko da na nuna masa gwangwanin, ya riƙe baki, ya ce in mayar da su. Na ba shi labarin ɓarayi. Ya yi dariya, ya ɗauki gwangwanin ya bi injunan ɗaya ɗaya, ya duba, ya goge, ya ƙara wa batir ruwa.

Zuwa na biyu damina ce. Ya iso jiƙe, laka har gwiwa, ga wasu garuruwa uku na jiransa. Tausayinsa ya kama ni. Na shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro, na ɗora shayi, na kawo masa gwangwanin har inda yake zaune. Ya warware takardun yana kanga salula, tana ƙara, tana nuna kore, alamar inji lafiya lau. Ya leƙa ɗakunan daga bakin ƙofa, ya tafi. Daga zuwa na uku ko leƙen ma babu. Yakan ce, “Baba, ka hutar da ni.” Ni kuma in ji daɗi.

Kada ki ce hauka na yi. Ga yadda na ɗauki abin. Kullum ina ganin ana ɗibar jinin maras lafiya a kai wani ɗaki, a duba, a san ciwonsa alhali shi yana kwance can. Sai na ce haka maɓallin yake, ya sha jikin injin, lafiyar injin na cikinsa. Wallahi haka na yi imani. A tsakiyar wannan aka canza Majo, sabon ya zo bai san an taɓa manna wani abu ba. Shi dai yana ganin kore a rahoto, hankalinsa kwance. Kusan shekara muka yi a haka.

Ranar wata Alhamis bayan azahar mijin Fasuma ya kawo ta a amalanke daga ƙauyensu. Ungozoma Rakiya ta shiga da ita. Ni ina baranda da carbina, kunya ta hana ni matsawa kusa, tsoro ya hana ni yin nisa.

Na ji lokacin da ta haihu, don na ji muryar Rakiya ta canza. Na jira kukan jariri. Shiru. Sai na ji ana gudu a ciki, aka ƙwala wa Majo kira. Daga inda nake na ji an kunna injin iskar nan. Ya yi gurnani kaɗan, ya yi wani kuka mai tsini, ya mutu. Aka sake kunnawa, ya sake mutuwa. Har a lokacin ban ga laifina ba. A raina cewa nake, to ai kwanan nan aka duba shi, a gabana.

Akwai wata roba mai kama da gora da ake matsawa da hannu a hura wa jariri iska. Ita Rakiya ta ɗauka. Da ita ta riƙe ran jikarki har motar asibiti ta iso, da ita kuma suka tafi har Magariya. Da za su shiga mota na hangi yarinyar, leɓenta ya yi baƙi, jikinta sake kamar tsumma. Mijin Fasuma ya ce mini duk ramin da motar ta faɗa hannun matar nan bai tsaya ba. Washegari ko cokali ba ta iya riƙewa.

Kwana huɗu suka yi a asibiti. Allah ya yi yarinyar mai kwana ce. Aka sallamo su, Fasuma ta wuto gidanmu wankan jego, ƙanwata ce ke yi mata a madadinki.

A rana ta biyar shugabar masu gyara ta zo da kanta, wata mata marar yawan magana. Ta tsaya gaban injin tana duba salularta. Ta ce an rubuta an duba shi kwana goma sha ɗaya kafin haihuwar, lafiya lau. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai, a cikin minti biyu aka duba shi, da firigo, da batiran da ke bayan gini, da famfon da ke can bakin shinge. Ta kwance bayan injin. Mairo, zanzaro ne ya yi gini a ciki. Gidan laka ya cika ƙofar da injin ke shaƙar iska, soson da ke tace iskar ya zama kamar busasshen tuwo.

Ta shafa jikin injin ta tambayi ina maɓallinsa. Na ce yana nan a adane. Na je da saurina na ɗauko gwangwanin, na miƙa mata da hannu biyu, ina jiran ta yaba. Ta buɗe, ta karanta takardun ɗaya ɗaya, ta zauna a kan benci. Ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa mata. Ta tambaye ni a ina Sanusi ke kanga salularsa, na nuna mata gindin dogon yaro.

Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Baba, maɓallin nan bai san komi ba sai sunansa. Amfaninsa ɗaya ne, ya ja ƙafar mai gyara har gaban injin.”

Ashe abin da aka ɗaure don ya tilasta wa mutum zuwa wurin injin, shi na kwance na kai masa inuwa, har da shayi. Ashe kukan da na ji injin nan ya yi daga baranda, aikin wuƙata ne. Na dubi takardun da na yi ta alfahari da su, sunan injin iska a kai da kyakkyawan rubutu.

An dakatar da Sanusi daga aiki. Ya zo har ƙofar gida ya durƙusa, na ce ya tashi, ni na shimfiɗa masa tabarmar. An kawo sababbin maɓallai, wannan karon da ƙusa aka ɗaure su. Ni ba a kore ni ba. Majo ya ja ni gefe ya ce tunda yarinya ta rayu, a bar maganar a cikin gidan likita, ba sai mai jego ta ji ba. Na gode masa. Amma na dawo gida na tarar da Fasuma tana ta tsine wa wanda ya bar injin ya lalace, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi, ni kuma ina tsaye a tsakar gida da buta a hannu.

Jajibirin suna da hantsi na yi sallama na zauna a bakin ƙofar ɗakinki, inda take. Na faɗa mata duka, tun daga wuƙar har gwangwanin. Ban rage ba, ban kuma jingina wa Sanusi nawa kason ba. Ta saurara har na gama. Ta jawo yarinyar daga kan shimfiɗa ta rungume, ta juya fuskarta bango. Da na ga haka na tashi.

Aka yi suna. Liman ya faɗi sunan, Maryama, naki. Maza suka yi ta miƙo mini hannu suna barka, ina amsawa, amma ban shiga ciki ba. Mata suka yi ta tsokanata wai ango ya gudu ya bar amaryarsa. Na ce aiki ne ya yi mini yawa. Kwana uku ina wucewa ta ƙofar ɗakin, in gaida ƙanwata, in saurara ko zan ji motsin yarinyar, in wuce. Jikar da na jira shekara tara tana cikin gidana, ban taɓa ɗaukarta ba. Da kina nan da kin san yadda za ki shiga tsakani. Ni ban iya ba.

Shekaranjiya da la'asar ƙanwata ta ce ana kirana. Na shiga. Fasuma na zaune a bakin gado, idanunta a kumbure. Ta ce in wanke hannu, na wanke. Ta ce in zauna da kyau. Sannan ta ce, “Ban huce ba, Baba. Ban san ranar da zan huce ba. Amma ita ba ta san komi ba, riƙe ta.”

Na riƙe ta, Mairo. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Goshinki ne, da wannan ɗan tattare gira da kike yi in an tashe ki daga barci. Na sa tafin hannuna a bayanta ina jin yadda ƙirjinta ke tashi yana sauka da kansa, babu roba babu inji. Hawaye suka zubo mini har kan zanenta, ina kuma dariya. Fasuma ba ta dube ni ba, amma ba ta karɓe ta ba sai da aka kira magariba.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya yafe miki kurakuranki. Allah ya raya takwararki, ya ba ta tsawon kwana da lafiya. Allah ya saka wa Rakiya da abin da mu ba za mu iya ba. Allah ya sanyaya zuciyar Fasuma a lokacin da ya ga dama, ni zan jira. Ni kuma ya yafe mini, ya sada mu da ke cikin rahamarsa.

Naki har ranar da za a kawo ni kusa da ke,
Haru, gardin gidan likita.