Tsinken Awon Ƙafa

Garin Gada, Faransa
5 ga Rajab, 1404

Zuwa ga Yayata Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da kowa na gidanmu a Anbariyya. Yaya zafin Madina, ya fara? Yaya gwiwar Baba? Ni lafiyata lau, sai sanyi da kewar miyar kukarki.

Ga shi na rubuta da Hausa kamar yadda kika kafa mini sharaɗi, ko da yake Larabci ya fi zuwa mini kusa da alƙalami. Kada ki nemi Garin Gada a taswira, ni na raɗa masa. Sunansa na gaskiya yana bayan ambulan, ya fi ƙarfin harshena. Sharikarmu, kamfanin da nake wa aiki, ta ajiye mu a nan wata huɗu mu koyi sababbin injinan tarho a wata masana'anta da ke bayan gari. Garin duka bai fi Anbariyya girma ba, kuma ran Asabar babu aiki, babu bas.

To Yaya, riƙe bakinki kada ki yi dariya. Ƙanenki da kika sani, wanda ko sayen burodin tamis a bakin layinmu sai ya tada mota, ya yi tafiyar awa uku a ƙasa. Na fito neman burodi ne, sai na ga mutane sun kewaye wata tsohuwa a ƙarƙashin rumfar kasuwa, tana da laima a hannu da wani ƙaton makulli rataye a wuya. Na ɗauka rabon wani abu ake yi, na matsa. Kafin in ankara an kama hanya, ni kuma kunya ta hana ni zamewa. Sunanta Madam Odil, shekarunta saba'in da takwas, da can malamar makaranta ce. Kowace Asabar takan zaga da baƙi su ga tsofaffin wuraren garin.

Ta kai mu gadar dutse mai baka biyar, wadda ta ce ta haura shekara ɗari shida. Ta nuna mana inda ƙafafun keken doki suka cinye dutsen, ta sa kowa ya durƙusa ya shafa. Ta bi da mu gindin ganuwa, ta wani lungu da mutum biyu ba sa iya jerawa. Faransancina bai wuce na gaisuwa da na waya ba, amma rabin maganarta da hannu take yi, don haka na tsinci abin da na tsinta.

Abin kunyar da na yi shi ne wannan. Da ta gama bayani a kan gadar, sai kawai na ga hannuwana sun tashi, na shafa fuska na ce amin. Kowa ya juyo. Kin san tun ina shekara bakwai nake bin Baba ziyara, kuma duk inda ya tsaya ya yi wa alhazai bayani, addu'a ce ke biyo baya. Jikina bai san an canja ƙasa ba. Da muka isa ƙofar tsohon cocinsu kuma na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, na tsaya a kan dutse mai sanyi kamar ƙanƙara, su kuwa suna ta shiga da nasu. Tsohuwar ta yi dariya har ta dafa bango. Na yi ta fama na fahimtar da ita cewa ubana muzawwir ne, mai zagawa da baƙi wuraren tarihi a garinmu, kuma da ƙafa yake yi, shekara arba'in ke nan. Sai ta kama hannuna ta girgiza, ta ce in gaida mata abokin aikinta.

Ban san yadda zan isar da wannan gaisuwa ba. Shekara biyu ke nan Baba bai kira sunana ba, sai dai "gaya wa ɗan'uwanki". Ke ma kina tsakar gida ranar da na ce masa, a gaban alhazan Maraɗi, kuma da Larabci don ya fi zafi, zamanin ƙafa ya wuce, ya bar wahalar da bayin Allah tunda ga bas. Na tuɓe faɗena, takalman da nake ziyara da su, a ƙofa na ce na gama binsa. Da zan taho nan ma abin da ya aiko ki da shi ke nan, wai shi ya gudo daga hannun Faransawa da ƙafa tun daga Damagaram, ni kuma na je musu a jirgi.

Don Allah kada ki karanta masa wannan. Ki gaida kowa da kowa.

Naki ƙane,
Ja'afaru


Garin Gada
27 ga Rajab, 1404

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiyar gida, Allah Ya saka miki da alheri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Na gode da dabinon, ko da yake ma'aikatan gidan waya sun matse shi ya zama ƙosai.

Kin tambaya ko ƙafafun nawa sun tsinke. Ba su tsinke ba, har sun ƙara Asabar uku. Mun hau hasumiyar ganuwa, wadda makullin wuyanta ke buɗewa. Matakala ɗari da arba'in ce, na ƙirga su da haki. Tsohuwar nan ta riga ni kaiwa sama, ta tsaya tana jirana tana gyara ɗankwali. Daga can ana ganin garin duka, jan rufi a kan jan rufi, da kogin ya naɗe shi. Ta kai mu kuma wurin wankin matan da, wata rumfa a bakin ruwa mai duwatsu a jere. Ta nuna dutsen da kakarta ke durƙusawa, ta ce a nan ake ɗaura aure a kashe shi kafin maza su ji labari. Na ce a raina, ashe su ma suna da irin tsakar gidanmu.

Akwai abin da take yi da ya tsaya mini a rai. Kafin a tashi sai ta dubi jama'a ta zaɓi wanda ya fi kowa rauni, mai sanda ko mai ciki, ta sa shi a gaba, kowa ya bi takunsa. Yaya, ba haka Baba yake yi ba a hanyar Ƙuba? Ina yaro haushi abin yake ba ni, mu yi ta jan ƙafa a bayan wata tsohuwa daga Anbariyya har masallaci.

Asabar da ta wuce na jawo wasu 'yan Maroko huɗu da muke aiki tare, waɗanda Faransancinsu bai kai ko nawa ba, na zama tafinta, ita ta faɗa ni in juya da Larabci. Muna gindin ganuwa sai na ji bakina yana cewa su matso, su matso inuwa. Babu rana ko ta magani, yayyafi ma ake yi. Muryar Baba ce sak, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya ambaci shekara. Na katse fassarar, 'yan Marokon suka zaci kalma ce ta ɓace mini.

A hanyar dawowa na tambaye ta wa zai karɓi makullin bayanta. Ta ce ɗanta yana Paris yana sayar da motoci, in ya zo ma a mota yake zaga garin cikin minti biyar. In ta mutu baladiyya, wato hukumar garin, za ta kafa alluna a bango, kowa ya karanta da kansa. Tana murmushi ta faɗa, amma ni ban iya haɗa ido da ita ba.

Shi ya sa maganarki ta hana ni sukuni. Kin ce likita ya ce bana ce shekarar ƙarshe da gwiwar Baba za ta ɗauki ziyara, kuma an fara auna tsofaffin lungunan da ke kusa da Harami saboda faɗaɗa masallacin. Wa ya san lungunan nan kamar shi? Wane gida ne ke da rijiya, wace katanga ce ke da inuwa da hantsi, ta ina ake ɓullewa masallacin Gamama ba a shiga rana ba, duk a kansa suke, ba a takarda ba. Ga shi kuma sharika ta ce in na dawo za ta ba ni kujera a Jidda, in ba da amsa kafin azumi. Kujera ce mai kyau, ba zan ɓoye miki ba, raina yana so. Kuma ko na ƙi ta, ban san ko Baba zai yarda in sake bin bayansa ba. Ina jin tsoron in zo ya ce a gaya wa ɗan'uwanki ya koma.

Ga wata alfarma. Akwai wani baduku kusa da gada da ke ɗinka takalman tafiya, fata mai laushi, ƙasan kuma mai kauri. Ina so in yi wa Baba guda, ko ba zai yi mini magana ba ƙafarsa ta huta. Ki karyo tsinken tsintsiya ki auna ƙafarsa in ya kwanta ƙailula, kamar yadda ake yi mana awon takalmin salla muna yara, ki sa a ambulan. Kada ya sani, wannan takardar ma ki ɓoye ta.

Ki huta lafiya, ki sa ni a addu'a in kin shiga Rauda.

Ƙanenki,
Ja'afaru


Garin Gada
21 ga Sha'aban, 1404

Yaya Ƙaltume,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, kuna shirin azumi cikin kwanciyar hankali. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.

Tsinke ya iso jiya, kuma sai da na yi miki faɗa a zuci kafin in gode miki. Don ɗoki ban ko karanta takardar ba, na zare shi na nufi shagon baduku. Mutumin ya juya shi ya sake juyawa, ya leƙa ambulan ko akwai saura. Da na nuna masa yadda ake yi ya yi dariya ya kira matarsa ta gani. Amma da ya ɗora shi a kan ma'auninsa sai na ga ya yi gajere. Duk Anbariyya an san ƙafar Babanmu Malam Sabo, babu kantin da ke da lambarta, ƙafar da ta yi shekara bakwai a hanya kafin ta taka Madina. Na ce ko dai Yaya ta auna ƙafar maƙwabci, ko tsinken ya karye a hanya. Na duba bakinsa, ba karyewa ba ce, yankan reza ne a tsanake.

Nan a shagon na zauna na buɗe takardarki. Ashe ya kama ki da tsintsiya a hannu kina raɓe-raɓe a bakin tabarmarsa. Ashe ya karɓi tsinken ya shiga ɗaki ya rufo ƙofa, ya fito da shi a yanke ya ce a aika. Kuma ashe, Yaya, duk takarduna kina karanta masa su tun ta farko, shi ya sa kika dage sai da Hausa. Kin ci amanata, Allah Ya yi miki albarka. Kin ce da aka zo wurin amin ɗin kan gada ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa kika maimaita.

Ina cikin karatu badukun ya sunkuya, ya zare mini takalmi ba tare da ya tambaye ni ba, ya ɗora tsinken a tafin ƙafata. Daga dunduniya zuwa babban yatsa, ko gashi bai ragu ba. Awona ne. Faɗen da na tuɓe a ƙofa ranar nan, waɗanda na ɗauka an zubar tuntuni, suna ɗakinsa shekara biyu, da su ya auna. Na yi kuka a shagon mutane, ba zan yi miki ƙarya ba. Matar badukun ta kawo mini ruwa, ta zaci mutuwa aka yi mini.

Na ba da ɗinkin, zan karɓa ran Alhamis. Yau da safe na rubuta wa sharika cewa na gode da Jidda, a bar ni a ofishinmu na Madina. Na gaya wa Madam Odil, ta ce in fara sa takalman tun a nan don su saba da ni, kuma Asabar mai zuwa ni zan riƙe makullin hasumiya.

Tunda na san ba ke kaɗai ke ji ba, ki ɗan ɗaga murya daga nan.

Baba, ina gaisuwa, ina durƙushe. Na yi kuskure, na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba, kuma a gaban baƙinka. Ka yafe mini. Saƙonka ya iso, na kuwa gane. In Allah Ya yarda zan sauka a tsakiyar Shawwal, kafin alhazai su fara zuwa. Asabar ta farko, bayan sallar asuba, za mu kama hanyar Ƙuba daga ƙofar gida, kai a gaba muna bin takunka, ko za mu kai hantsi. Zan zo da littafi in rubuta kowane lungu da ka nuna, kafin a taɓa shi. Akwai kuma wata abokiyar aikinka a nan da ta ba ni gaisuwa in kawo maka tun watan Rajab, da bakina zan isar.

Sai dai ina roƙon abu ɗaya. Badukun yana nan yana jira, na ce masa akwai sauran ƙafa. A bar Yaya ta aiko da tsinke na biyu, mai tsawon, don ba ni kaɗai zan yi tafiyar ba.

Wassalam. Ɗanka,
Ja'afaru