Bulon Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da maigidanki, da yara, da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Na fifita alƙalami a kan waya ne saboda al'amarin da zan shimfiɗa miki ya fi ƙarfin "kina ji na? ba na jin ki". Direban da ke kawo miki yadi shi zai miƙa miki wannan.

Ina mai alfaharin sanar da ke cewa majalisar sashenmu ta amince da maudu'in bincikena na digiri na biyu. Ga jigonsa: buntun shinkafar nan da ake jibgewa a bayan injin casa, idan aka ƙone shi, tokarsa za ta maye gurbin kaso mai tsoka na siminti a cikin bulo. Sakamakon haka shi ne bulo mai rahusa, mai ƙarko, wanda talaka zai mallaka ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Juyin juya hali ke nan a fannin gine-gine, Yaya, kuma daga hannun autan Inna zai fito.

Abin da ya rage tabbatarwa ce kawai. Ana buga bulon, a jiƙa shi wajen wata guda, ranar da ya cika a sa shi a na'urar matsi ta murƙushe shi. Lambar da ta nuna ita ce hukunci. In ranar ta kuɓuce, sai a sake bugu daga farko. Muna da irin wannan na'ura, kyauta daga wata jami'a ta ƙetare, gangariya ce ta ƙarshe. Tana cikin akwatinta a kusurwar ɗakin gwaje-gwaje, ana dakon ma'aikacin kamfanin da zai zo ya kafa ta.

Buƙatata ɗaya ce. Na san bangon ɗakin Inna ya tsage, kuma kuna shirin rushe shi. Ina roƙonku kada ku sa bulon kasuwa. Ku jinkirta kaɗan, ɗakin mahaifiyata ya zama gini na farko da fasahata za ta ɗauka. Na haɗo miki gwargwadon haɗin a takarda, domin ki gani da idonki cewa ba tatsuniya nake ba.

Ƙaninki mai biyayya,
Injiniya

*

Malam Ƙamus,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Wasiƙarka sau biyu na karanta ta: na farko in ji daɗin kalmomin, na biyu in nemo abin da kake nufi. Da na karanta wa Inna, muna kaiwa "juyin juya hali" ta dafe ƙirji ta ce, "Wa za a kama?" Na ce ba kowa, Auta ne zai yi bulo da toka. Ta ce, "To ya ce haka mana."

An rushe bangon, don ya fara zubo mata da ƙasa a kan gado. Yanzu tana ɗakin yara, ita da su a katifa ɗaya. Ƙaramin yana harbin ta cikin barci, ita kuma ta ce ba komai, ai ɗakin Injiniya take jira. Maigidana ya so a sayi bulo a wuce wurin, ta hana. Kai ka jawo, sai ka yi sauri.

Kana cin abinci kuwa? Direba ya ce wuyanka ya ƙara tsawo.

Yayarka

*

Yayata mai daraja,

Aminci ya tabbata a gare ki da iyalinki baki ɗaya. Ki yafe mini jinkirin amsa, watannin nan sun koya mini darussan da ba su cikin manhaja.

Rukunin bulona na farko ya cika, ranarsa ta zo ta wuce, na'ura na cikin akwati. Na sake bugu. Na biyun ma haka. A halin yanzu ɗaya daga cikinsu yana tokare ƙofar ofishinmu, wani kuma an ɗora masa butar shayi. Iyakar gudummawarsu ga ilimi ke nan.

Na nemi ganin Shugaban Sashe, na gabatar masa da hujjoji a jere. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Samari, in ka buɗe ta lalace, kai za ka rubuta wa waɗanda suka ba mu? Na'urar da ba a kunna ba, ba ta taɓa lalacewa. Ka jira ma'aikacin." Da na bincika sai na tarar ana jiran ma'aikacin nan tun ina aji ɗaya.

Daga baya na fahimci aikin da na'urar take yi. Masu tantance jami'o'i suka kawo ziyara. Ana gobe za su zo aka shigo da kayan aiki a baro daga sashen maƙwabtanmu, aka ɓamɓare sunansu aka liƙa namu. Aka raba mana fararen riguna, aka ce kowa ya tsaya gaban wani abu ya yi kamar yana nazari. Aka ɗage murfin akwatin, aka goge ledar na'urar har tana ɗaukar ido. Shugaba ya dafa ta ya ce wa baƙi, "Sabuwa fil, ko yatsa bai taɓa ta ba." Suka jinjina kai, suka ba mu maki. Suna shiga mota aka mayar da murfi, baro ya kwashe kayan ya nufi sashe na gaba, don can za su wuce bayan sun huta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ɗakin karatu na gan shi. Kundayen waɗanda suka gabace ni, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rubuta cewa da wannan na'urar ya yi gwajinsa, har da sunanta da lambarta. Na kwashi uku na kai wa Dakta, malamin da ke duba aikina. Dattijo ne da ya yi karatu a ƙetare, ya taɓa gaya mini a can kullum sai ya yi aiki da irinta. Ya dubi kundayen, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, turo ƙofar." Sannan ya ce, "Lambobin da suka dace suna cikin littattafai. Mutum ya ɗan ɗaga nan, ya ɗan sauke can. Ban ce ka yi ba. Na dai gaya maka yadda mutane ke fita daga ginin nan."

Na yi masa jawabi mai tsawo a kan amanar ilimi. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi ma ya taɓa yin irinsa, a wannan ofishin, yana tsaye daidai inda nake.

Na buga rukuni na uku. Ki ba Inna haƙuri.

Ƙaninki,
Injiniya

*

Auta,

Salam. Wannan karon ban karanta wa Inna duka ba, na ce mata kana gaisuwa kuma aiki na tafiya.

Ni dai ban gane ba. A shagona keken ɗinkin da aka ajiye ba a taka shi, shi ne yake fara cijewa. Amma ku ne masu ilimi.

Hadari ya fara haɗuwa. Kayan Inna suna jibge a zaure an rufe da leda, kamar na'urarku. Tari ya kama ta, yara kuma ba sa barin ta ta runtsa. Jiya na ji tana gaya wa maƙwabciya wai ɗanta ya ƙirƙiro bulon da babu irinsa a duniya. Maƙwabciya ta ce a yi mata hanya ita ma.

Ka gaya mini gaskiya, abin nan zai yiwu ko mu san abin yi?

Yayarka

*

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Allah ya yaye wa Inna tarin nan.

An buɗe na'urar. Dakta ne ya samo wasiƙar da ke nuna kamfanin ya daina ƙera irinta, babu wani ma'aikaci da zai zo har abada. Shugaba ya rasa madogara, ya ce a buɗe amma shi ba ya wurin. Muka yanke ledar, muka jona wuta, fitilunta suka kama. Wallahi, Yaya, sai da idona ya kawo ruwa. Na danna maɓalli, ta yi gurnani sau ɗaya, sai mai ya ɓalle ta ƙasanta ya malale ɗakin har bakin ƙofa. Robobin da ke riƙe man duk sun bushe sun tsattsage saboda zama. Mun adana ta har ta mutu. Maganarki ta keken ɗinki ta faɗo mini a rai ina tsaye cikin mai.

Shugaba ya zo ya duba, ya ba da umarni a goge ta, a sayo sabuwar leda a naɗe ta, saboda masu tantancewa za su dawo.

Ban karaya ba. Na zana firam na ƙarfe aka yi mini walda, na samo jak na babbar mota mai agogon awon matsi, na gwada agogon da nauyin da na san gwargwadonsa har na amince da shi. Ba shi da kyan gani, amma ba ya ƙarya. Dakta ya zagaya shi, ya tsuguna ya leƙa ƙasansa, ya ja hannun jak ɗin da kansa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sai kuma ya miƙe ya kaɗe wandonsa ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma mai jarrabawa na waje zai tambayi takardar shaidar na'ura, naka kuwa ba shi da ita. Waccan da ke cikin leda tana da ita."

Ki duba wannan lamari, Yaya. Lambar gaskiya daga na'ura marar takarda abar tuhuma ce. Lambar ƙarya da sunan matacciyar na'ura mai takarda karɓaɓɓiya ce. Na rasa kalmar da zan kira wannan da ita, ni da kike ce wa Ƙamus.

Ƙarshen wata ake rufe karɓar kundi. Wanda bai miƙa ba, ko aka ƙi nasa, ya maimaita shekara, kuma ɗan aikin koyarwar da nake yi a sashen zai tafi tare da ita. Rukuni na uku zai cika cikin makon nan. Zan murƙushe shi a kan jak ɗina, kuma ina da yaƙinin lambar za ta wanke ni.

Na gaji, amma ina nan.

Ƙaninki

*

Auta,

Salam. Shiru har yanzu. Direba ya zo sau biyu hannu wofi, waya kuma ba ka ɗauka. In fushi kake da su, mu me muka yi maka?

An yi ruwan farko, ya shiga zaure ya jiƙa katifar Inna ta da. Maigidana ya ce shi ya gama jiran jami'a. Inna ta ce in ba bulon Auta ba, a bar ta a ɗakin yara har ta mutu. Sai muka raba gardama: na ɗauko takardar haɗin da ka aiko tun farko, na kai wa mai buga bulo. Ya ce shi abin da aka rubuta zai bi. An kawo buntu an ƙone, unguwa duk ta turnuƙe, Inna na zaune a kujera tana gaya wa masu wucewa, "Binciken ɗana ne." Ranar Asabar zai fara bugu, kuma maigidana ya ce tunda bulon ƙarfi ne da shi, a zuba rufin kankare a kai, wata rana a ɗora wa yara ɗaki a sama.

Tunda ka ce kana da yaƙini, mun ɗauka an gama. Kai dai ka sa musu lambar da suke so ka karɓi digirinka ka dawo gida, kowa ma haka ya yi. Inna ta ce in ɗinka maka riga ta ranar yaye ku, na riga na yanka.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Ki tsayar da mai bulo yau, kada ki jira Asabar.

Bulona bai kai ba. Na gwada su duka, kowanne ya farfashe tun bai kai rabin nauyin da ake nema ba. Tokar ta yi yawa a haɗin. Ba zai ɗauki rufin kankare ba, balle ɗaki a sama.

Shi ya sa na yi shiru. Dakta ya ce in na so, shafi ɗaya ne kawai za a gyara. Na zauna da shafin nan kwanaki, har wasiƙarki ta zo.

Na miƙa kundin da lambar da na gani, da hoton jak ɗin. Dakta ya ce da wuya su karɓa. Sannan ya jawo alƙalami ya sa hannu a ƙasa.

Ku sayi bulon kasuwa. Zan biyo direba da jak ɗina, mu gwada kaɗan kafin a ɗora ko ɗaya. Kada ki gaya wa Inna, ni zan faɗa mata da bakina.

Rigar kuma ki ajiye ta, amma ban da cikin leda.

Auta