Takarda ta Tamanin da Bakwai

Zuwa gare ka, hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, Malamina kuma uban 'ya'yana,

Ina gaishe ka gaisuwar macen da ta yi wata huɗu tana zuba abinci a faranti ɗaya. Ya jikin Mama, ƙafar ta yi sauƙi? Ya Babba da Auta? Ka shafa mini kansu, ka ce uwarsu tana ganinsu a fuskar kowane yaro da ya gifta ta a hanya. Kai kuwa, da me zan aiko maka? Da kewa ana naɗe ta a ambulan, wallahi da mai kai wasiƙa bai iya ɗaga wannan ba!

Yau Lahadi, rana ta ɗan karkata. Ina ɗakin ɗaliban digiri na biyu, hawa na uku. Tebur goma ne, tara babu kowa, duk sun tafi wajen iyalansu. Daga ni sai butar lantarki da na'urar buga takardu wadda ba ta taɓa aiki ba sai an mare ta a gefe. Ta taga ina hango wurin ajiye motoci fayau, da bishiya guda a tsakiya, ita ma ba ta da abokin hira. Ka san ni da surutu, kai ka ce ko a barci sai na ba da labari. To yanzu nakan wuni ban buɗe baki ba, in ban da mai shara da nake ce wa sannu da aiki. Ran nan na tsinci kaina ina yi wa buta bayanin babi na uku. Ta fi wasu malamanmu haƙurin sauraro.

Za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na san ka ne. Za ka yi dariyar nan taka, ka ce, "Lafiya lau muke, ke dai ki yi karatunki," sannan ka miƙa wa Auta ta cinye sauran mintunan da labarin haƙorinta da ya fita. Takarda kuwa ba za ka iya miƙa ta ga kowa ba. Don haka ka nemi wuri ka zauna, rabin raina, maganar tana da nauyi.

Ka san abin da nake bincike a kai: dalilan da ke sa malaman firamare barin aiki, da irin tsarin da ma'aikatar ilimi za ta yi don ta riƙe su. Sashenmu ya raba takardun tambayoyi a taron bitar malamai da aka yi watan jiya. Ɗari biyu da sha huɗu suka dawo, a cikin kwali biyu. Babu suna a kan ko ɗaya, babu sunan makaranta, sai lamba. A saman kowace an rubuta alkawari cewa ba wanda zai san mai amsar. Aikina shi ne in bi su ɗaya bayan ɗaya in shigar da amsoshin cikin kwamfuta.

Ranar Laraba na iso ta tamanin da bakwai.

Tun kafin in karanta kalma ɗaya na gane rubutun. Wa zai ja layi da rula a gefen takardar da aka riga aka yi wa layi? Wa zai rubuta kwanan wata a sama ya ja masa layi a ƙasa sau biyu, kamar yara arba'in na jiran su kwafa? Shekara goma sha ɗaya ina wanke tawadar wannan hannun daga aljihun riga. Ko a cikin dubu aka jefa rubutunka zan tsamo shi, yadda uwa ke gane kukan ɗanta a ɗakin haihuwa. Na ɗora takardar a ƙirjina, Malam, ni babba da ni, na yi murna kamar kai ne ka turo ƙofa ka shigo. Sannan na juya shafi.

Tambaya ta sha tara tana cewa: Kana da niyyar barin koyarwa nan da shekara biyu? In eh, me ya sa? Ga abin da ka rubuta, na haddace shi ba da son raina ba:

"Eh. Zan miƙa takardar ajiye aiki a ƙarshen wannan zangon. Ina son aikina. Amma matata tana karatun digiri na biyu, za ta dawo cikin masu tsara mana yadda za mu yi aiki. Ba na so a nuna ta a taro a ce mijinta malamin aji uku ne. Wani abokina ya yi mini tayin kula da shagonsa na kayan gini."

Wayyo ni! Wa ya ce maka? Wane maƙiyi ne ya raɗa maka wannan a kunne? Kai da ke gane yaron da bai karya ba tun daga yadda ya riƙe fensir, kai ne za ka koma ƙirga buhunan siminti don kada wata mai jaka a kafaɗa ta ji kunya? Kuma saura mako biyar a rufe zango, muna magana kusan kullum, ba ka taɓa ko gifta zancen ba!

Abu biyu ke cin raina, na rasa wanda ya fi zafi. In ba ka san takardar za ta zo hannuna ba, to ka faɗa wa baƙo abin da ka ɓoye wa matarka. In kuwa ka sani, to na zama macen da mijinta ba ya iya gaya mata gaskiya sai ya cire sunansa.

Ka san yadda muke aikin? Kowane dalili yana da lambarsa. Ɗaya, albashi. Biyu, cunkoson aji. Uku, rashin ƙarin girma. Huɗu, nisan wurin aiki. Biyar, wasu dalilai. Na zauna yatsana a kan madannin kwamfuta ina neman inda zan saka ka. Shekara guda da rabi ina karanta littattafai masu kauri kamar bulo, ina neman abin da ke korar malamai nagari daga aji, ashe a gidana ni ce dalilin. Ni ce lamba biyar. Na kifa kaina a tebur na yi kuka har mai shara ta leƙo ta ce, "'Yar'uwa, rasuwa aka yi?" Na ce mata a'a, ta ce, "To in na gida ne, ki yi haƙuri, ki sha ruwa."

Ka tuna makona na farko a koyarwa? Aka ba ni aji biyu, yara sun haura saba'in, wasu a benci wasu a ƙasa. Na yi tsawa har muryata ta dishe, ko kallona ba su yi ba. Na laɓe bayan ƙofa ina share hawaye da gefen mayafi. Sai ga wani dogo daga ajin da ke maƙwabtaka, rigarsa duk alli. Kai ne. Ka ɗauki alli ka zana kaza a allo, a hankali, da baki da fiffike da jela, ka yi mata ƙafa ɗaya ka tsaya. Ajin ya yi tsit. Can wani ya ce, "Malam, saura ƙafa!" Sai duk suka ɗauka, saura ƙafa, saura ƙafa. Ka juyo ka miƙo mini allin, ka ce, "Malamarku ce kaɗai ta san inda ƙafar take. Amma ba ta faɗa sai an zauna." Suka zauna kuwa. Na zana mummunar ƙafa, suka yi tafi. A ranar na koyi aikin malanta, a ranar kuma zuciyata ta bi ka zuwa aji uku, har yau ba ta dawo ba.

Na san inda na yi ɓarnar, ba sai ka nuna mini ba. Hutun da na zo, muna cin abinci da Mama da ƙanenka. Fuskarka tana haske kana ba mu labarin yarinyar nan da ta yi zango biyu ba ta yi magana ba, ta tashi ta karanta jimla guda cur, saboda ka mayar mata da haruffa waƙa. Maimakon in ce madalla, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai wannan hanyar an daina yayinta, bincike ya nuna kaza da kaza, har da kawo sunayen masana. Ƙanenka ya kwashe da dariya ya ce, "Yaya, ka shiga uku, yanzu Anti ce za ta riƙa duba maka littafin shirin darasi." Ka taya shi dariya. Mama ce kaɗai ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan, ci abincinki yana hucewa." Ban gane ba a lokacin. Karatu ya hau mini kai, ina jin daɗin sababbin kalmomina kamar yarinya da sabon takalmi, ban ga wanda nake takawa ba. Ka yafe mini, sanyin idona. Masanan nan da na ambata, ko ɗayansu bai taɓa sa yarinyar nan ta buɗe baki ba. Kai ka yi.

Washegarin ranar da na ga takardar, na je wajen Farfesa, mai duba aikina. Ɗalibai na kiranta Jan Biro a bayan idonta, don ba ta mayar da shafi sai ya yi kamar an yanka kaza a kai. Na ce mata na gane mai ɗaya daga cikin takardun. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Cire ta daga lissafi, ki saka a ambulan ki manne. Kuma ba ki da ikon tunkarar mai ita. Alkawari muka yi musu." Na ce, "Ranki ya daɗe, mijina ne." Sai ta cire tabarau ta kalle ni. Ta ce, "Na ji, kuma na tausaya miki. Amma in kika yi masa maganar abin da ya rubuta, dole in kai ga kwamitin ƙa'idojin bincike. Suna iya cewa ki sake tattara bayanai daga farko. Shekara guda kenan. Ki je ki yi tunani."

Na yi tunanin, kwana uku. Gaskiyarta ne, Malam, kuma shi ya fi ɓata mini rai. Malamai ɗari biyu da sha uku sun buɗe cikinsu saboda sun yarda da wannan alkawarin, kai ma da shi ka dogara. Ni da kaina na sa hannu a kansa. Shekara guda kuma ba wasa ba ce. Shekara ce ta wannan ɗakin, da matattakalar nan mai amsa sawun ƙafata, da gadon da nake kwana a gefensa ɗaya saboda sabo. Auta za ta sake wasu haƙoran ba na nan. Babba zai fi ni tsawo ban ga ranar da ya wuce ni ba. Da zan iya yin shiru, in kammala a watan da aka tsara, in dawo da takardar shaida in tarar da kai a bayan kanta kana auna ƙusa, in yi kamar na yi mamaki. Na gwada hango haka, na kasa.

Ga wasiƙar nan a hannunka, ka san abin da na zaɓa. Gobe da safe, bayan na aika ta, zan hau ofishin Farfesa in faɗa mata da bakina. Abin da kwamiti ya yanke na karɓa. Kada ka ɗora wa kanka laifi, ni na karya alkawarin, da idona biyu.

Yanzu ga roƙona, muradin zuciyata. In gajiya ka yi, in allin nan ya ishe ka, in ƙirjinka ya daina ɗaukar ƙurarsa, ka faɗa mini haka ido da ido, ni zan raka ka ofishin hedimasta in riƙe maka jaka. Amma kada ka bar yaran nan da sunana. Ban tambaye ka wannan sadaukarwar ba, kuma ba zan iya ɗaukarta ba. Ta yaya zan zauna a ma'aikata ina rubuta yadda za a riƙe malamai, alhali mafi nagartar wanda na sani ya tafi don ya rufa mini asirin da bai taɓa tonuwa ba? Wace kunya? Ni da ko a aji, in malami ya tambayi misali, labarinka nake kawowa, har abokan karatuna suka haddace ka!

Na nemi izinin kwana uku, zan taso ranar Alhamis da motar farko. Ba gida zan fara zuwa ba, makaranta zan nufa da jakata. Kada ka miƙa komai ga kowa kafin in iso. Ka bar mini gurbi a bencin baya, kusa da yarinyar nan, ina so in ji ta tana karatu da kunnena. In an tashi, ka kalle ni a gabanta ka ce ka iya tafiya ka bar ta. In ka iya faɗa, ba zan ƙara cewa komai ba.

Taka ce ni, kafin karatun nan da bayansa, ko sun ba ni shaidar ko sun hana, har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido,

Uwar 'ya'yanka.