Takardar da Na Sa wa Hannu Saboda Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, amin. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sanda tana yi wa kaji faɗa, sai dai ba ta cin abincin kirki tun da aka kama Autanmu a can wajenku.

Yaya, maganar takardar nan ce ta sa na ɗauki biro. Lauyan da ka turo ya same ni a shago ina kan keken ɗinki. Ya ajiye shafi biyu a kan teburin yanka, ya ce in sa hannu kawai, shaida ce cewa ranar Larabar da aka yi wa mai gadin nan duka a ƙasarku, dukan da ake zargin Auta da shi, Auta yana gidana. Na gaya masa tun Talata Auta ya tafi, ni na raka shi tasha. Ya ce kwana ɗaya ba komai ba ne, takarda ce za ta ƙetare iyaka, ba wanda zai waiwaye ni. Na tuna kukan Inna, na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sa hannu.

To, ranar Litinin aka kira ni kotun nan garin. Ashe alƙalin can ya aiko da takardar domin in rantse a kanta. Wani ƙaramin ɗaki ne a saman bene, fanka na juyawa amma zufa nake yi. Magatakardar, wata dattijuwa mai tabarau, ta karanta mini layi-layi, har da abin da ban taɓa faɗa ba: wai Auta ya kwana a ɗakin yarana da zazzaɓi, wai ni na ba shi magani. Sannan ta cire tabarau ta ce kafin in rantse in sani, shaidar zur laifi ce a nan da can, ana ɗaure mutum a kanta, kuma jami'an iyaka suna rubuta ranar da kowa ya ƙetare. Ta ce mai gadin yana asibiti har yanzu, hannunsa na dama ba ya motsi. Ta ba ni kwana uku. A kwanakin nan sau biyu ina ɓata wa mutane yadi.

Jiya na koma na janye. Na ce Talata ya tafi, abin da ya faru bayan nan ban sani ba, kuma ban ce ya aikata ba. Aka rubuta sabuwa, na karanta da kaina, na rantse. Amma ta ce duka biyun za a aika, ni ma alƙali zai duba lamarina. Ta tambaye ni wa ya kawo ta farkon, na faɗi sunan lauyan. Ba ta tambayi wanda ya turo shi ba, amma can za su tambaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Yaya. Don Allah ka nemi wani lauyan, ka je kotun can da ƙafarka tun kafin su aiko a kira ka. Kuma ka tambayi Auta, ido da ido, inda yake ranar nan. Ni ban iya tambayarsa ba.

Inna ba ta sani ba tukuna. Da safen nan ta tambaye ni ko takardar ta isa hannun alƙali, na ce ta isa, ta ɗaga hannu tana sa mini albarka. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Ka gaishe mini da Maman 'Yan Biyu, da Gajere, da Kawu idan ya leƙo. Maigidana yana gaishe ka. In sun bar ka ka ga Auta, ka ce masa ban yar da shi ba. In ka yi fushi da ni, ka rubuto ka faɗa, kada ka yi shiru.

Ƙanwarka,
Mai Keke